Ranar da Jip ɗin Taubashina Taƙ Ƙi Tashi

Ni dai ban ce a sa ni ba. Ina zamana lahiya bakin tashar 'yan kabu-kabu ta Sabon Birni, na ɗora ƙahwa bisa babur ina cin gyaɗa, sai Goggo tat turo a kira ni. Goggo yayar babana ta, kuma in tac ce zo, ko kana tsakiyar wanka sai ka hito da sabulu ga ido. Nit tarar da ita tsakar gida tana cusa burodi cikin buhu.

"Gobe za ka raka ɗan'uwanka suna," tac ce.

"Goggo, in bisa babur na, har Makka za ni kai shi. In cikin waccan makarar na, ki nemi wani."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Za ka."

Ɗan nata taubashina na. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun ina rarrahe bawana nika ce mai, ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba, ga gemu ga tumbi. Hatsi shika saye ƙauyuka shina kaiwa kasuwa. Shekarar da wake yay yi daraja sai yat tahi Sakkwato, yad dawo muna da jip baƙa, ta hannu, mai baƙin gilashi. Ba babbar nan ta gwamnoni ba, ba kuma ƙarama ba, tsaka-tsaki, irin wadda in ta kwana ƙohwar gidanka maƙwabta na hwara ce maka Alhaji ko hilin jirgi ba ka taɓa gani ba. Dillalin yac ce mai wata Hajiya ad da ita, daga gida sai biki. Abin da bai hwaɗa mai ba, kamfanin da yay yi ta ya daɗe da daina yin irinta. Marainiya ta, ba uwa ba uba, ba ko ɗan dangi guda cikin shagunan kayan gyara.

Ba ta daɗe ba tan nuna halinta. Allurar mai ta mace bisa rabi, ko tanki na cike ko ya bushe rabi taka nunawa, kamar mai shaidar zur. Ga ta da shan mai kamar raƙumin da yah hito Azbin, shi yas sa kullum akwai jarkoki cikin but. Ran da tay yi zahin hwarko nib buɗe murhin lagireto don in yi abin kirki, ruwa yaw wanke mani hannu, hwata tas saɓule kamar ta dankalin da anka dahwa. Tabon na nan har yau, 'yan mata na tambaya, ina ce musu yaƙi na. Giyarta kuma aljanu gare ta, kana tsaye lahiya sai ta zabura gaba kamar an tsikari jaki.

Makaniken garinmu, wanda ko tarakta ta shekara kwance shina tashe ta, ya leƙa cikin jip ɗin yac ce ƙwaƙwalwarta ta taɓu. Wani ɗan akwati na da ka ba inji da gilashi da ƙohohi umurni, kuma babu shi Sakkwato, babu shi Kano, sai ko in wata 'yar'uwarta ta yi hatsari a ciro nata. Bawana yac ce mai jahili. Makanike yaɗ ɗauko sifana. Kahin a shiga tsakani leɓen bawana ya koma kamar ƙosai, yay yi kwana da kwanaki shina ce ma mutane zuma tah harbe shi.

Abin da yah hi duka muni, in ka kashe ta da zahi ba ta tashi sai ta huce don kanta. Kuma ba irin wadda turi ka tayarwa ba ta, mai canza giya da kanta ta. In anka tura ta, inuwa aka kai ta ko gida. Tsakanin Sabon Birni da Isa ba ƙauyen da bai zuba gumi bayan motar nan ba.

Matar bawana ta tahi wankan gida ƙauyensu, can gehen Isa, ta haihi namiji, ɗan hwari. Kayan sunan munka loda: buhun burodi don shayin baƙi, sukari, goro, da ledar magunguna da anka rubuto ma mai jego. Jarkokin mai na nan inda sunka saba. Nit tsaya ina kallon but ɗin.

Kowa ƙasarmu ya san mutanen daji ba su gasa burodi, ba su da gidan mai, ba su da kemis. Wani na daga cikin gari ka kai musu man babura, da burodi, da maganin rauni. Shi aka ce ma infoma, kuma wanda anka kama ba a kai shi gaban alƙali.

"Bawana," nic ce, "mai, burodi, magani. Saura harsashi kayan su cika."

"Ruhe mani baki, ɗan banza. Wa za shi tsai da Alhaji cikin jip?"

"Alhajin da bai wuce Illela ba?"

Yaj jeho ni da takalmi, nik kauce.

Da asuba munka so tashi, ita ko tac ce sai hantsi. Sadda tag ga dama tat tashi, rana ta ɗaga, bawana na ta zage-zage don ya san ana can ana jiran uban yaro. Sanyin cikinta ya mutu tun zuwanta. Ran nan kuma gilashi yac ce shi ma ba shi sauka. Munka koma kamar masa cikin tanda. Niɗ ɗauko ƙyallen da nika ruhe huska da shi bisa babur, nij jiƙa shi da ruwa, nin naɗe kai da wuya, ido kaɗai a waje.

Ƙauyen da abin yah hwaru ba za ni hwaɗi sunanai ba, don yanzu ina kai musu hwasinja, wani lokaci har hura suna ba ni. Kwana kaɗan kahin zuwanmu mutanen daji sun shigo musu, sunka kashe na kashewa, sunka kore shanu, sunka tahi da mata da yara. Ƙaurin rumbunan da anka ƙone bai gama barin garin ba. 'Yan sa-kai sun gicciya gungume bakin hanya, kuma dokar shinge ko yaron goye ya san ta: ka tsaya nesa da gungumen, ka kashe inji, ka sauke gilashi, ka hiddo hannuwa waje, ka yi sallama, ka hwaɗi gidan wa za ka.

Bawana ya tsaya, amma bai kashe ba.

"Kashe ta," nic ce.

"In na kashe ta nan za mu yini. A raɗa ma ɗana suna ba ni nan?"

"To sauke gilashi."

Yad danna, yak ƙara dannawa, yad daki abin da dunƙule. Nij ja hannun ƙohwa don in hita in yi musu bayani, sai nij ji ƙaf, ta kulle kanta ta ko'ina. Wani saurayi mai bindigar toka ya taho shina daka muna tsawa, a kashe mota, a kashe mota. Bawana na ɗaga mai hannu shina sallama cikin baƙin gilashi. Wa ka ganinai?

Nan aljanun giya sunka tashi. Jip taz zabura, tad daki gungume, gungume yad daki ƙwaurin wani matashi da ka tsaye bayanai. Na ji ƙarar ƙashin har cikin mota.

Sai harbi. Gilashin gaba yat tsage kamar saƙar gizo yaz zube, wani abu mai zahi yaw wuce ta gehen kunnena. Bawana yam murɗe makulli, inji yay yi shiru, amma an makara. Gora tas sauka ga gilashin gehena, ta biyu taw watsa mani shi ga huska. Hannuwa sunka shigo, wani yak kama wuyan rigata, wani yak kama naɗin kaina, sunka jawo ni ta taga. Sauran gilashin da yar rage ya yanke mani ciki tun daga ƙirji har cibiya. Nih hwaɗi ƙasa da baki.

"Ku dube shi! Har naɗi irin nasu!"

Ban san ko mutum nawa sunka hau ni ba. Na dai san akwai mai takalmin roba da ka neman haƙarƙarina, akwai mai gora da yaz zaɓi gwiwa, akwai wanda bai samu wuri ba sai ya riƙa miƙo duka ta bisa kahwaɗar wani. Bayan adda yas same ni ga ƙeya, nig ga rana ta zama biyu. Haƙorina guda na can cikin yashin garin nan, in ya tsiro su ci.

Bawana ya hi ni shan wuya, don tumbi bai wuce taga da daɗi. Sun ja shi ya maƙale, rabi ciki rabi waje, suna dukan rabin da yah hito. Ya sa hannu shi kare kai, gora tas same shi ga damtse, hannun yal lanƙwashe ta inda Allah bai yi mai gaɓa ba. Ihun da yay yi ban taɓa jin babban mutum ya yi irinai ba.

Wani yas sa gatari yaɓ ɓalle but.

Shugabansu yam matso, wani siririn mutum mai layu jere ga ƙirji, idanu jajaye kamar bai yi barci ba tun ran da anka shigo musu. Daga baya nij ji ƙanenai na cikin waɗanda anka binne. Yaɗ ɗaga jarka yas sunsuna. Yaz zazzage buhu, burodi yaw watse ƙasa. Yab buɗe leda, yag ga magani da bandeji. Bai ɗaga murya ba.

"Ku kawo taya."

Tayar ajiya ta jip ɗin sunka kwanto. Duk motar nan ita kaɗai ta ba ta taɓa ba mu matsala ba, sai ran nan. Sunka durƙusar da bawana tsakiyar hanya, sunka zura mai ita ga wuya, wani yab buɗe jarka yat tuttule mai man da yas saya da hannunai. Man na bin gemu, na shiga ido, na shiga inda gilashi yay yanka.

"Suna za ni! Wallahi suna za ni! Ɗa anka haihwa mani!"

Wata mata tak kutso cikin maza, ba ko mayahi, taj jehe shi da dutse ga goshi. "Nawa ɗan hwa? Ina nawa ɗan?"

Shugaban yal laluba aljihu yah hiddo ashana.

Ni makaranta ban yi nisa ba, aji na bari don malam ya ce bakina ya hi kaina aiki. Ran nan bakin kaɗai yar rage mani, shi ma cike da jini. Nit tohwar, nir rarraha, nik kama ƙahwar shugaban.

"Baba, don girman Allah magana guda, in na gama ka ƙone mu tare."

Wani yas shure ni ga kunne. Ban saki ba.

"Baba, mai kai ma ɓarayi kaya abin gudu shika nema. Wane mahaukacin infoma za shi ɗauki wagga mota aiki? Jaki ya hi ta. Ga makulli can jikinta, ka sa a tashe ta. In ta tashi, ba ni ashanar, ni za ni ƙyasta."

Yad dube ni kamar mai duban kare da yay yi magana. Sannan yad dubi wani ƙato da anka ce shina jan motar kasuwa, yay yi mai nuni da haɓa. Ƙaton yas shiga ta tagar da anka hwasa, yaz zauna bisa garin gilashi, yam murɗa.

Abin da ban hwaɗa ma shugaban ba, takan tashi da zahi jehi-jehi, in ta so ta kunyata wanda yar rantse a kanta. Tun da nike ban taɓa roƙon Allah kada mota ta tashi ba sai ran nan. Kir-kir-kir. Shiru. Kir-kir-kir, sai tay yi tari, jikinta yag girgiza, baƙin hayaƙi yah hito ta salansa. Shugaban ya riga ya zaro tsinken ashana guda. Tas sake tari, tam mutu. Ƙaton yam murɗa, yam murɗa, yad daki sitiyari. Maimakon inji, sai abin share gilashi yak kama aiki, shina share gilashin da babu.

"Makirci na," wani yac ce daga baya. "Sun san abin da sunka taɓa. A ƙone su!"

Mutane sunka sake matsowa. Bawana ya daina ihu, kalmar shahada shika yi, tana hita tare da kumhwar mai.

Allah ya kawo wani tsoho da amalanken shanu, ya ɗauko taki za shi gona, hanya ta toshe mai. Yas sauko da sandar kora shanu shina buɗe mutane da ita, shina tambayar mi anka samu. Yad dubi jip, yaz zagaya bayanta, yad duƙa yat taɓa wani guntun igiya da ka ɗaure ƙarƙashinta.

"Wagga la'ananniya kuma? Igiyata ta wagga. Shanuna sunka ja ta da damina daga Kamarawa har bakin titi, bijimina guda har yau ɗingishi shikai." Yaj juya yak kalli bawana cikin taya, yad daɗe shina kallo don huskar ta canza. "Kai, ba kai na mai sayen hatsi ba? Surukin mai unguwar ƙauyen gaba? Ku 'yan nan, yau suna aka yi gidan nan, ni ma an kai mani goro."

Sai wani daga cikin masu gora, wanda na tabbata shi yat taka mani yatsu, yas sauke hannu shina sosa ƙeya. "Wallahi kamar ita munka tura Tozai. Har wandona ya yage."

"Ita ta," in ji wani. "Ta taɓa kwana bakin rijiyarmu, yara na hawa."

Wani yaro yay yi dariya, anka maka mai mari. Shugaban bai yi dariya ba, bai kuma mai da ashanar aljihu ba. Yat tura mai babur ƙauyen gaba a zo da mai unguwa. Har yat tahi yad dawo bawana na durƙushe cikin rana, taya ga wuya, mai na cin hwatar jikinai, karyayyen hannu na reto. Na roƙa a zuba mai ruwa, ba wanda yam motsa sai matar nan da taj jehe shi. Ita taɗ ɗebo ruwa cikin ƙwarya, taw watsa mai ga ido, taj juya tat tahi.

Surukin yaz zo da babbar rigar suna, shina salati tun daga nesa. Shugaban da kainai yac cire tayar, yaj jehwar. Bai ba da haƙuri ba, mu ma ba mu nema ba. Yan nuna matashin da gungume yak karya, kwance ƙarƙashin iccen bedi ana riƙe da shi.

"Wancan ƙahwa tai ba ƙarya ba ta. A kai su ga maɗori tare."

Haka anka yi. Amalanken tsohon nan anka zubar da taki anka shimhiɗa mu, ni da bawana da yaron da munka karya, muna nishi kamar awakin kasuwa. Da munka juya na hangi yaran garin na tsintar burodi cikin ƙasa, suna hure yashi suna ci, ko warin mai bai dame su ba. Suna kuwa tun hantsi liman ya raɗa, uban yaro bai ji ba. Da munka isa gidan sunan daga baya anka miƙo ma bawana jaririn, bai da hannun karɓa, kuma mai jego ta ce a matsar da shi, warin mai na sa yaro atishawa.

Jip ɗin shanu sunka maido ta gida. Tana nan ƙohwar Goggo, ba gilashi, kaji sun samu bene.

Hannun bawana ya ɗoru, amma a karkace, har yau bai iya ɗaga buhu da shi. Hwatar wuyanai ta yi dabbare-dabbare inda mai yac ci. Na zaci ya warke daga ciwon mota, sai ran nan ina tsakar gida Goggo na tankaɗe, yas shigo da murna kamar an yi mai albishir da kujerar Makka. Wai an kira shi, wata irin motatai ta yi hatsari wajen Gusau, gaba ya ragargaje amma ƙwaƙwalwar lahiya lau. In anka ciro anka sa ma tashi, shi ke nan, ta zama amarya.

"Bawana," nic ce, "ƙwaƙwalwa biyu za ka sayo. Guda ta mota."

"Kai ka yi mani shiru, mai giɓi."

"Giɓin wa yaj ja mani? Ka sai da ita ga masu gyaran garma, su yi hauya da ita. Ko ka bar ma kaji, sun hi ka sanin amhwaninta."

"Ku ba ku da godiya," yac ce, ya hwara ɗaga murya. "Motar nan ita tac ceci raina. Da ta tashi ran nan da yanzu toka nike. Duk ƙasar nan an san ta, an san ni da ita. Abin da yay yi maka haka ba ka yasar da shi. Gyara ta za ni yi, in shiga ta, in bi ta gaban shingen nan, kowa shi gani."

Niy yi shirin ba shi amsa, Goggo tar riga ni. Ko ɗaga kai daga rariya ba ta yi ba.

"Da bakinka kac ce rashin tashinta yac cece ka. To ka gyara ta. Ran da sunka sake sa maka taya, anka murɗa makulli tat tashi, sai ka gaya mani wa za shi shaide ka."